Sa Hannun Levke

"Juma'a," in ji Papa, ya dangwarar da kofin gahawarsa a kan tebur har cokula suka yi tsalle. "Ranar Juma'a da ƙarfe goma zan zauna gaban lauya in sauke gonar nan daga kaina. Ba zan ƙara ko kwana ɗaya ba, Gesa."

Gesa ta sunkuyar da kai tana kallon yankan kek ɗin tuffa da Mama ta aje mata, ko taɓa shi ba ta yi ba.

Lahadi ce, ƙarfe uku na rana, lokacin da kowane gida a ƙauyen nan na bakin kogin Elbe yake zaune gaban gahawa da kek ana hira ana shewa. Ban da gidan Hinrich Quast, mahaifin Gesa. Nan kam tun da aka zauna ba wanda ya yi dariya sai Malte, shi ma ba a tambaye shi ba.

Malte maƙwabcinsu ne, gonarsa ta tuffa tana jingine da tasu. Mama ce ta gayyato shi, ya zo da furanni da sabon aski, ya baje a kujera kamar an riga an ba shi gidan. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya, sai dai irin mutanen nan ne da ko gaisuwa za su yi sai sun duba ko akwai riba a ciki. Shekara shida yana bin Gesa, shekara shida tana ce masa a'a, ko gezau.

Wanda take so daban. Hauke Tiedemann, ma'aikacin jirgin fito, gwauro mai shekara arba'in da huɗu, wanda aurensa na fari ya mutu shekara goma da suka wuce ya bar shi da 'ya ɗaya, Levke, a hannun uwarta. Ranar da Gesa ta fara kawo shi gida Papa ya dube shi sama da ƙasa ya ce ba zai damƙa gonar kakanninsa ga mutumin da ake yankar albashinsa kafin ya taɓa shi ba. Su jira yarinyar ta cika sha takwas, kuɗin ciyarwa ya ƙare, sannan a yi magana.

Suka jira. Shekara uku cur.

To, yarinya ta cika sha takwas, ta sami gurbin karatun likita a garin Göttingen, ta bar gidan uwarta ta kama ɗakin haya. Maimakon kuɗi ya ƙare sai ya hau, daga yuro ɗari huɗu da hamsin zuwa ɗari bakwai, don uwar ba ta samun abin kirki, kuma doka ta ce sai ɗa ya gama karatu. Karatun likita kuwa shekara shida ne, in ba a yi tuntuɓe ba.

"Papa, na roƙe ka," in ji Gesa. "Shekarata talatin da biyu. Tun ina sha tara nake cikin gonar nan, ruwa da sanyi. Me auren nawa ya haɗa da ita?"

"Ki tambayi banki. Ɗakin sanyinmu ya tsufa, bara rabin tuffa ya ruɓe a ciki. Bashin gina sabo ba za su bayar ba sai sun ga abin da ke shiga gidan, naki da na mijinki. Shi kuma naki mijin aljihunsa a huje yake."

"Nawa ɗakin sanyin rabinsa wofi ne," Malte ya sako baki yana lasar cokali. "Katanga ɗaya kawai za a ɗage."

"Wa ya kasa da kai?" Gesa ta watsa masa harara.

"Haba, Gesa," in ji Mama, ta dafa hannunta. "Yaron nan alheri yake nufi. Ki dubi mahaifinki, likita ya ce zuciyarsa ba za ta ƙara ɗaukar wata kaka ba. So kike mu binne shi a gindin bishiya?"

Papa ya zaro wata takarda daga aljihun rigarsa ya miƙo mata.

"Ban ce na rufe ƙofa ba. Lauya ya yi mini bayani. Tunda yarinyar ta balaga, maganar kuɗin ta fita daga hannun uwarta, tsakaninta da ubanta ce. Kuma in kun yi aure, doka tana sa matar mutum gaba da 'yarsa baliga. Sai a sake lissafi, a mai da shi ɗari uku. In ta sa hannu nan ƙasa, ba kotu, ba tashin hankali. Ya kawo mini wannan kafin Juma'a, gona taki ce, ki auri wanda kika ga dama. In bai kawo ba, na haɗe ta da ta Malte. Ke kuma sai ki san inda za ki tsaya."

Gesa ta karɓa. Shafi ɗaya ne tak, amma ji ta yi kamar an ɗora mata buhu.

Washegari da yamma ta tare Hauke a kan ganuwar da ke tare kogi, inda yake bi da kekensa in ya tashi daga aiki. Iska tana kaɗa mata gashi, ta miƙa masa takardar.

Ya karanta a hankali har ƙasa. Ya ninke ta yadda take ya mayar mata.

"A'a."

"Hauke, ko tunani ba ka yi ba!"

"Ba abin tunani a nan. A'a."

Hawayen da take riƙewa tun jiya suka ɓalle. "Ba zalunci ba ne fa. Doka ce ta ba ka. Akwai rancen gwamnati na ɗalibai, dubban yara da shi suke karatu."

"Dubban yara ba ni na haife su ba." Ya jingina keken ya kama kafaɗunta. "Ki saurare ni. Ranar da na bar gidan nan tana da shekara takwas, ta riƙe mini jaka a ƙofa tana cewa Papa yaushe za ka dawo. Na ce mata Asabar. Na yi mata alƙawarin hutu, ban kai ta ba. Na yi mata alƙawarin zuwa wasan makaranta, aiki ya riƙe ni. Abu ɗaya ne ban taɓa saɓawa ba, ranar ɗaya ga wata kuɗinta yana shiga, ko zan kwana da yunwa. Da wannan kaɗai ta san tana da uba. Yanzu da ta fara kirana da kanta, ta fara ba ni labarin malamanta, sai in je mata da takardar lauya?"

"Ni fa?" Gesa ta dafe ƙirji. "Ni ba ka yi mini alƙawari ba? Shekara uku ina jin gori a gidanmu saboda kai. Ƙawayena sun yi aure sun haihu. In jira wasu shida, in kai kusan arba'in? Ni ma ina son in riƙe nawa ɗan, Hauke. Laifi ne?"

Ya runtse ido. Wannan maganar ta soke shi, ta gani.

"Ki bar musu gonar," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ki zo mu zauna a ɗakina. Ƙarami ne, amma zai ɗauke mu."

"Kakana ne ya dasa layin da ke bakin rafi. Ni na dasa na bayan gida da hannuna, bishiya dubu biyu. In bar wa Malte? Kai ka ƙi sakin naka, ni ce zan saki nawa?"

"To ban san yadda zan yi ba."

"Ka tambaye ta kawai. Levke yarinya ce mai hankali, tana sona, ina sonta. Ƙila ma ita za ta ce a rage."

"Na san za ta ce haka. Shi ya sa ba zan tambaya ba."

Gesa ta fashe da kuka sosai, ta kifa kai a ƙirjinsa, rigarsa tana warin man jirgi. Ya rungume ta yana shafa bayanta, shi ma idonsa ya yi ja, amma bai canza magana ba. Da suka rabu, takardar tana cikin jakarta.

Da a ce akwai wata babba a kusa, da ta ja kunnenta ta ce tsakanin ɗa da mahaifi ba a shiga. Amma wa Gesa za ta gaya wa? Mama tana ɓangaren Malte, Papa yana ƙirga kwanaki. Ranar Talata ta wuni tana tsinkar tuffa tana saƙawa tana kwancewa, har ta gamsar da kanta cewa taimakon Hauke za ta yi: abin da bakinsa ya kasa faɗa, ita za ta faɗa masa. Laraba da sassafe ta ce wa Mama za ta ga likitan haƙori, ta shiga jirgin ƙasa zuwa Göttingen.

Levke ta buɗe ƙofa da tawul a kanta, ta daka tsalle ta rungume ta.

"Gesa! Ke kaɗai? Ina tsohon nawa? Shigo, shigo, ki yi haƙuri da takalman nan, mu huɗu ne a gidan, ba mai kwashewa."

Ɗakin bai fi a shimfiɗa katifa a aje tebur ba. Littattafai sun cika ƙasa. A jikin ƙofa rigar aikin gidan burodi ce a rataye, fara, da sunan Levke a ƙirji. Gesa ta aje kwandon tuffan da ta kawo, idonta a kan rigar.

"Aiki kike yi?"

"Kwana uku a mako, daga biyar na asuba zuwa tara. Haya nan ta cinye fiye da rabin kuɗin. Kada ki gaya wa Papana, don Allah, kin san halinsa, sai ya ce zai ƙara, shi da takalminsa ke shan ruwa." Ta ɗauki tuffa ta gatsa. "Kai, wannan shi ne tuffa! Na nan garin kamar ana tauna takarda. To ba ni labari, yaushe ne bikin? Na riga na ga rigar da zan sa, in kin ce shuɗi kike so to kin makara."

Nan ne ya kamata Gesa ta sha shayinta ta tashi ta kama hanya. Ta sani, har ta ɗauki jaka. Sai fuskar Malte ta faɗo mata yana lasar cokali, da layukan bishiyoyinta. Ta zuge jakar.

"Maganar bikin ce ta kawo ni."

Ta yi bayani, da in-ina, tana kallon ƙasa. Banki, ɗakin sanyi, zuciyar Papa, Juma'a. Levke ta aje tuffan ta karɓi takardar. Ta karanta sau ɗaya, ta koma sama ta sake. Murmushin ya janye daga fuskarta a hankali.

"Ɗari uku," ta ce.

"Akwai rance, za ki iya nema. Kuma in gona ta tsaya da ƙafarta, ni da kaina zan..."

"Ba kuɗin ba ne." Ta ɗago, idanunta sun ciko. "Ranar Lahadi muka yi waya, kusan awa ɗaya. Yana ta tambayata ko ina cin abinci mai zafi. Bai ce mini komai ba."

Ta ƙura wa Gesa ido.

"Gesa, shi ya aiko ki?"

Kalma ɗaya ce. A'a. Tana nan a kan harshenta. Amma ta san in ta faɗe ta, yarinyar nan za ta ɗauki waya ta kira ubanta, shi kuma zai ce ta yaga, shi ke nan Juma'a ta zo ta wuce da komai. Sai ta sunkuyar da kai ta ƙura wa hannuwanta ido.

Ba ta yi ƙarya ba, haka ta riƙa gaya wa kanta daga baya. Amma shiru ma magana ce, kuma Levke ta ji ta sarai.

"To," in ji yarinyar. Ta share hanci da bayan hannu, ta laluba cikin littattafai ta zaro biro. "Ashe abin da ya sa yake yawan kirana kwanan nan ke nan. Ni kuma, sakarya, har na gaya wa mamata ya canza."

"Levke, ba haka ba ne, yana sonki kamar ransa..."

"Na sani. Har ɗari uku."

Ta sa hannu, hawaye ya ɗiga kusa da sunan, ta goge da yatsa ta miƙa mata.

"Ba laifinki ba ne, ke 'yar aike ce. Allah ya sa albarka a auren. Ki yi haƙuri, ina da aji ƙarfe biyu."

Har Gesa ta sauka matakala tana jin kukan da yarinyar ta saki bayan ƙofa. Ta tsaya, ta riƙe ƙarfen matakalar, ta kusa komawa. Ba ta koma ba.

Alhamis da hantsi ta aje takardar gaban Papa a kicin. Ya sa tabarau ya duba sa hannun, ya sake dubawa, sai fuskarsa ta washe irin yadda Gesa ta manta rabon da ta gani.

"Ashe mutumin naki namiji ne!" Ya juya wajen Mama. "Anke, ɗauko kwalbar nan ta sama da ƙananan kofuna. Kira shi, Gesa, ki ce ya zo yanzu."

Ba a kai ga kira ba. Ƙofar baya ta buɗe, sai ga Hauke cikin kayan aiki, gumi yana tsiyaya duk da sanyin da ake yi. Ko takalmi bai cire ba.

Papa ya miƙe da ƙyar, ya miƙa masa hannu.

"Shekara uku kana ce mini Herr Quast, kamar baƙo. Daga yau ka daina. Hinrich nake. Zauna, surukina, mu sha."

Wayyo Gesa. Sau nawa ta yi mafarkin jin wannan kalma a kicin ɗin nan?

Hauke bai ko kalli hannun ba. Idonsa yana kan takardar da ke tebur, daga nan ya ɗago ya dubi Gesa. Ya zaro wayarsa, ya karanta saƙon Levke da wata irin murya da ba ta taɓa ji ba.

"'Papa, na mayar maka da kuɗin wannan watan duka. Na sa hannu. Da ka zo da ƙafarka ka tambaye ni, da ko sisi na ce ka bari. Kada ka kira ni.'" Ya sauke wayar. "Na kira sau goma sha ɗaya. Ta toshe lambata. Na kira uwarta, ta ce da ma ta san ranar nan za ta zo."

Mama ta aje kwalbar a hankali. Papa ya mai da hannunsa aljihu.

"Yara ne," ya ce. "Fushin kwana biyu, za ta huce."

"Ba da kai nake ba, Herr Quast. Gesa, ta tambaye ki ko ni na aiko ki?"

Gesa ta dafa kujera. "Ta tambaya."

"Me kika ce?"

"Ban ce komai ba."

Ya gyaɗa kai sau biyu, kamar wanda likita ya tabbatar masa da abin da yake tsoro. Ya juya ya fita.

Ta bi shi da gudu ba takalmi, ta cim masa a bakin ƙofar gona yana ɗaga keke, ta riƙe hannun rigarsa tana kuka kamar ranta zai fita.

"Hauke, ka tsaya! Don mu na yi, na rantse don mu na yi. Tsoron rasa ka ne ya rufe mini ido. Zan yaga ta yanzu a gabanka. Su riƙe gonar, su ba Malte, su ba wanda suka so. Zan zo ɗakinka, ko a ƙasa zan kwana."

"Ranar Litinin na roƙe ki haka."

"Na yi kuskure. Ka tafi da ni Göttingen, in durƙusa mata, in gaya mata da bakina."

"In ta leƙo ta gan mu tare, me za ta ɗauka? Mun zo karɓar sauran ne?" Ya kau da kai yana share ido da hannun riga. "Shekara goma ina lallaɓa yarinyar nan kamar mai ɗauke da ƙwai. Shekara goma, Gesa. Ba ki san sau nawa na tsaya a ƙofar makarantarsu na kasa shiga ba."

"Ka yafe mini."

"Jirgin ƙasa na sha biyu zan bi. Zan zauna a matakalarta har ta buɗe, ko kwana nawa ne."

"In ta buɗe, za ka dawo wurina?"

Ya daɗe yana kallonta. Ba fushi a idonsa, da ma fushin ne da ta fi samun sauƙi. Ya sa hannu ya cire yatsunta daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kada ta ji ciwo.

"In na gaya mata gaskiya, ba za ta ƙara son ganinki ba har abada. In na rufa miki asiri, ni ne ba za ta ƙara son gani ba. Gaya mini, Gesa, a cikin biyun nan wanne ne ake ɗaura aure a kansa?"

Kuka ya sake ƙwace mata.

Ya jira ta kaɗan, ko za ta samo amsa. Da ya ga babu, ya hau kekensa ya nufi tasha, bai waiwayo ba.